Dukiya da Kwanciyar Hankali: Abin da Shekara Ɗari Ta Koya Mana

Jawabin da aka gabatar a ƙofar fada, ranar bikin cikar sarauta shekara ɗari

 

 

Da farko ina neman afuwa. Ni ba malami ba ne, ba kuma masanin tarihi ba. Ma'aikacin gidan rediyo ne ni, iyakacin karatuna na boko shi ne lise, sauran abin da na sani kuwa a bakin dattawa da masu saurare na tsince shi. Da kwamitin shirya biki ya umurce ni in yi magana, sai na duba cikin tambayoyin da jama'a suka fi aiko mini a shekara ashirin da 'yan kai da na yi ina wannan aiki, na ga akwai guda ɗaya da ba ta tsufa: shin dukiya tana kawo jin daɗi da kwanciyar hankali? Samari suna tambaya, zawarawa suna tambaya, har alhazai sukan kira su tambaya, amma su sai sun roƙi kada a faɗi sunansu. Ita ce zan ɗora a kan ma'aunin shekara ɗarin da muke murna a yau.

Kafin in shiga, mu lura da yadda harshenmu ya raba kalmomi. Dukiya ita ce abin da ake ƙirgawa: shanu, rumbuna, gidaje, motoci, kuɗi. Arziki ya fi ta faɗi, domin Bahaushe yakan ce wane ya yi arzikin 'ya'ya ko arzikin maƙwabta, alhali ba shi da ko akuya, kuma idan aka ce yaro ɗan arziki ne, halinsa ake nufi. Wadata ita ce abin da kake da shi ya ishe ka. Rufin asiri kuma shi ne ka ci, ka ciyar da iyalinka, ka yi sutura, ba tare da wani ya san cikinka ba. Idan tsohuwa za ta sa wa jikanta albarka, Allah ya rufa maka asiri take cewa. Kakanninmu da suka ware wa waɗannan abubuwa suna huɗu sun san cewa ba abu ɗaya ba ne, kuma mutum yana iya samun ɗaya ya rasa sauran.

Talauci ba abin yabo ba ne

Ba zan tsaya gaban manoma in ce kuɗi banza ne ba, domin wannan ƙasa ta san yunwa da sunayenta. Tsofaffi sun ba mu labarin Kakalaba ta 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974, wanda ya share garkunan shanu. Ni kaina ina ƙaramin yaro aka yi yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Abin da na iya tunawa shi ne mahaifiyata tana dafa tafasa ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli, ta ce mana ita ta riga ta ci a maɗafa. Sai da na girma na gane ba ta ci komai ba.

A 2005 kuwa ina aiki, na zaga kasuwanni da rikoda a hannu. Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan shekara shi ne hatsi yana nan jibge a kasuwa, amma kuɗin tiya ya fi ƙarfin talaka. Na ga magidanta sun sayar da garma da jaki, wasu sun jinginar da gona, wasu sun fita da asuba ba sallama don kunyar kallon 'ya'yansu. Wanda ya ga haka ba zai ce rashi yana da daɗi ba. Uban da ɗansa ke zazzaɓi, ba shi da kuɗin motar da za ta kai shi asibitin Galmi, ba shi da kwanciyar hankali ko da ya fi kowa haƙuri.

Saboda haka nema wajibi ne, kuma ƙasarmu ta nuna amfaninsa. Albasar Galmi ta kai sunanmu Abijan, Akara, Lome da Kotonu, ta gina gidaje, ta aurar da 'ya'ya, ta kai bayin Allah Makka. Gonakin noman rani na Ƙonni, waɗanda aka fara shatawa a ƙarshen shekarun 1970 da ruwan Maggiya da aka tare a Mozage da Zango, sun fi eka dubu biyu da ake aunawa da hekta, kuma iyalai masu yawa sun daina zaman kashe wando da rani saboda su. Masana'antar siminti ta Malbaza tun shekarun 1960 take ba mutane aiki. Addininmu bai hana neman halal ba. Sayyidina Usmanu ɗan Affan attajiri ne, da dukiyarsa ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a su sha kyauta. Abdurrahmanu ɗan Aufu attajiri ne, kuma yana cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna.

Dukiya baƙuwa ce

To amma mu da ke zaune a bakin iyaka mun fi kowa sanin cewa dukiya ba ta da amana. A 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 kuɗi ya shigo ƙasa, aka yi manyan gine-gine a Yamai, ma'aikata suka ɗauka an rabu da wahala ke nan. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai aka koma ɗaure ciki. A watan Afrilu na 1984 Najeriya ta canza takardun naira, ta rufe iyakokinta, waɗanda suka tara naira a buhu a wannan gefen suka rasa inda za su kai ta. A watan Janairu na 1994, ina koleji, aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. A watan Agusta na 2019 aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ƙofar Illela ta Najeriya ba sai Disamba 2020. A farkon 2023 aka sake canjin naira, a watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, sana'ar 'yan ruwa-ruwa ta birkice. Bayan 26 ga Yuli 2023 iyaka ta sake rufuwa, ba ta buɗe ba sai Maris 2024, albasa ta yi ta ruɓewa a rudu, manyan motoci suka yi layi a bakin hanya.

Ku ƙirga da kanku, jama'a. A cikin shekara arba'in, sau nawa mai kuɗin Ƙonni ya kwanta attajiri ya tashi da bashi, ba don ya yi caca ba, ba don ya yi ragwanci ba, sai don wani ya sa hannu a takarda a Legas, ko Abuja, ko Dakar? Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ya rataya farin cikinsa duka a jikin abin da wani ke iya sauya masa da alƙalami, hankalinsa ba zai taɓa kwanciya ba.

Mutum biyu da wannan ƙasa ta gani

Akwai misalai biyu da tarihi ya ajiye mana a ƙofar gida.

Na farko shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa. A Maratta kusa da Galmi aka haife shi a 1754, kakanninsa kuwa sun daɗe da zama a ƙasar Ƙonni. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar salla, ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu zinariya miskali 500. Shehu ya ƙi karɓa. A maimakonta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke tsare, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Ku duba, a cikin biyar ɗin babu ko ɗaya da zai shiga aljihunsa. Ya rasu a Sakkwato a 1817, yau sama da shekara ɗari biyu, har yanzu ana sa wa 'ya'ya sunansa, ana karanta littattafansa a zaurukanmu.

Na biyu su ne Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ratso ƙasar nan da rundunarsu a 1899. Duk inda suka bi sai su kwashe hatsi, su kore shanu, su kama mata, su cinna wa gari wuta. Bayan sun yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, suka auka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu, suka yi kisan da har yau ba a manta ba, aka cika rijiyoyi da gawa. Da yawa cikin dattawan da suka ga kafuwar wannan sarauta sun ga wannan rana da idonsu. Babu wanda ya tara abin duniya a ƙasar nan cikin ɗan lokaci kamar mutanen nan biyu. Me ya biyo baya? A watan Yuli na shekarar Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu da kansu suka kashe su. Kaburburansu suna Maijirgi kusa da Tasawa. Wata biyu kacal suka yi a duniya bayan Ƙonni. Labarin Ƙaruna da muke ji a tafsirin Suratul Ƙasasi, ga irinsa ya faru a kan hanyar da muke bi zuwa Damagaram.

Abin da masu bincike suka gano

Turawa ma sun yi wa kansu wannan tambaya. A 2010 wasu masana biyu a Amurka, Daniel Kahneman da Angus Deaton, waɗanda kowannensu ya samu lambar yabo ta Nobel, sun duba amsoshin dubban ɗaruruwan mutane. Suka ga cewa jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa sosai idan abin hannun mai ƙaramin ƙarfi ya ƙaru, amma idan an kai wani matsayi sai ƙarin ya daina tasiri. Wani binciken da Kahneman ya sa hannu a 2023 ya gyara wannan magana: ga yawancin mutane jin daɗin yana ci gaba da ɗan ƙaruwa, amma wanda baƙin cikinsa ya samo asali daga wani abu dabam, kamar rashin masoyi ko ciwon zuciya, kuɗi ba ya warkar da shi bayan an wuce biyan bukata. Jami'ar Harvard kuma tun 1938 take bin rayuwar wasu ɗaruruwan mutane daga ƙuruciya har tsufa. Abin da ya fi fitowa fili a binciken shi ne waɗanda suka fi lafiya da farin ciki a tsufansu su ne masu kyakkyawar dangantaka da iyali da abokai.

Wannan ai shi ne abin da muka sani a gida. Jika goma a hannun bazawara mai marayu tana sauya mata mako guda. Jika goma a hannun mai tireloli ba zai ma san ta shigo ba. Kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya nuna wadata ta gaskiya a zuci take.

Halin da muke ciki

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana a ranar murna shi ne tsoron da nake ji wa ƙannenmu. Ci-rani tsohuwar al'adar Adar ce, iyayenmu sun je Abijan, Ikko, Kamaru da Libiya, amma sukan dawo da faɗuwar ruwa su riƙe kalme. Yanzu yaro yakan tafi shekara bakwai ba wasiƙa, matarsa ba aure ba saki. Tun da zinariya ta bayyana a Jado a 2014, samari suka yi ta kwarara arewa. Wasu sun samu, Allah ya sa albarka. Wasu hamada ta cinye su, wasu rami ya rufta da su kamar yadda ya faru a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi a watan Nuwamba 2021. Wanda ya dawo da mota kowa yana ganinsa, makaɗa suna wasa shi. Wanda bai dawo ba uwarsa kaɗai ke ƙirga shi.

Akwai wani abokina da muka zauna benci ɗaya a lakkol. Ya bar karatu ya shiga fatauci, Allah ya buɗa masa. Ya gina gidan sama a ƙauyensu, da fenti da tayil, irin wanda ba a taɓa gani ba a wurin. Kwanakin baya na tambaye shi daɗin gidan. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: “Wallahi ɗan'uwa, ban taɓa kwana uku a jere cikinsa ba. In na je gaida tsohuwa, kafin magariba nake barin gari.” Tsoron masu satar mutane don kuɗin fansa ya hana shi barci a ɗakin da ya gina da guminsa. Maƙwabcinsa mai bukkar kara kuwa yana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya yi minshari har asuba, ko da yake shi ma ranar da aka kore masa shanun noma bai runtsa ba. Arziki rigar ƙaya ne. A nan na gane cewa zaman lafiya dukiya ce ta gari baki ɗaya, babu mai saye wa kansa shi kaɗai, kuma masu ɗauke mutane ɗin nan ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yan wasu ne da aka koya musu cewa kuɗi ne mutum, ko ta wace hanya ya zo.

Laifin ba na yara kaɗai ba ne. Mu ne muke tashi tsaye idan mai kuɗi ya shigo, mu bar malamin da ya koya mana alifun a zaune a rana. Mu ne muke tsawwala kayan aure har saurayi ya ga ba shi da mafita sai hamada. Mu ne muke sayar da gonar gado don a yi bikin kwana uku. Mu ne ba ma tambayar ɗa inda ya samo, sai dai nawa ya kawo.

Roƙona

Ranka ya daɗe, Shehu ya roƙi Bawa abu biyar. Ni ban kai in roƙi biyar ba, amma ina neman izini in roƙi huɗu.

Na ɗaya, ga fada. Rawani shi ne ma'aunin da talakawa ke duba darajar mutum da shi. Idan za a naɗa sarauta, a duba hali da abin da mutum ya yi wa jama'a kafin a duba aljihunsa. Ranar da yara suka ga an naɗa malamin makaranta, ko ungozoma, ko manomin da ya rayar da fako, za su san akwai wata hanyar girma. Haka kuma a sa ido kan cinikin gonaki, kada a shaida sayar da gonar marayu ko ta gandu sai magada duka sun hallara.

Na biyu, ga alhazai da 'yan kasuwa. Allah ya ƙara muku, domin garin da ba attajiri kango ne. Amma ku fitar da zakka da lissafi, ku kai ta ga masu ita tun kafin su zo ƙofa. A haɗa hannu a cika rumbun tsimi lokacin kaka, a sayar da rahusa lokacin da damina ta yi tsakiya, sa'ad da talaka ke noma da yunwa. Wanda ya ɓoye hatsi yana jiran ya yi tsada, ya tuna maƙwabtan da ke kallon ƙofar sitonsa. Rijiya, aji guda a lakkol, ɗakin haihuwa, koya wa yara goma sana'a, waɗannan su ne katangar da ta fi ta siminti tsare gida.

Na uku, ga iyayena mata da maza. A zauna da malamai da masu unguwa a rage nauyin aure, a tsaya a kan abin da aka yanke, kada mai hali ya fara karyawa. A bar 'ya'ya, maza da mata, su yi karatu na allo da na boko, domin shi ne jarin da rufe iyaka ba ya taɓawa.

Na huɗu, ga 'yan'uwana matasa. Ku nema, ku yi fatauci, ku yi noman rani, ku yi kabu-kabu, ku je ci-rani in ta kama, babu sana'ar halal da ke ƙasƙantar da mutum. Amma ku sa wa nemanku iyaka uku: kada ya ci mutuncinku, kada ya ci ran wani, kada ya raba ku da iyayenku. Hotunan motoci da daloli da kuke gani a waya, ba a nuna muku bashin da ke bayansu.

Amsata ga masu tambaya ita ce wannan. Dukiya tana kore yunwa, tana sayen magani, tana rufa asiri, kuma wanda ya ce waɗannan ba jin daɗi ba ne bai taɓa rasa su ba. Daga nan kuma aikinta ya ƙare, sauran sai lafiya, da iyali na gari, da maƙwabcin da zai fito in ka yi kururuwa, da zuciyar da ta san ta ƙoshi. A cikin shekara ɗarin nan an yi attajirai masu yawa a ƙasar nan da sunansu ya ɓace tare da rumbunansu. Waɗanda muke ambata a yau da addu'a su ne waɗanda suka buɗe rumbu a shekarar yunwa, suka raba gardama da gaskiya, suka tsaya wa talakawansu a zamanin aikin tilas kafin a soke shi a 1946. Jikokinmu da za su taru a wannan fili bayan wata shekara ɗari, da irin wannan ma'auni za su auna mu.

Allah ya jiƙan sarakunan da suka gabata, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ƙara wa Mai martaba lafiya da adalci da mashawarta na gari. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da 'ya'yanmu da ke nesa, ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya, ya ba mu dukiya mai amfani da zuciya mai godiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, ina roƙon iyayena su yafe mini.